Wai masallacin Yama ba ya cikin jerin UNESCO?

Dan Ader:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya a fada nan Yamai gardama ta kaure tsakaninmu kan wuraren tarihin Nijar da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Dinkin Duniya, ta amince da su, wani ya ce ukku ne kawai, ni kuma na tsaya kai da fata cewa masallacin Yama na jiharmu ta Tawa yana ciki don tun muna yara muke jin ya ci kyauta ta duniya. Don Allah wanda ya sani ya warware mana, guda nawa ne kuma wadanne ne, in Yama ba ya ciki mi ya hana?

Mushe Lakol:
Wa alaikumus salam kanena. Ukku ne, abokinka yana da gaskiya. Na farko gandun dajin Ayar da Tenere, ya shiga 1991, girmansa ya kai hekta miliyan 7.7, yana cikin mafi girma a Afirka, amma shekara daya kawai da shigarsa, a 1992, aka maida shi layin wuraren da ke cikin hadari saboda tawayen arewa, kuma shekaru suka yi ta wucewa bai fita ba. Sai gandun dajin W a 1996, wanda a 2017 aka hade shi da Arli na Burkina da Panjari na Benin ya zama wuri guda na kasashe ukku. Na karshe tsohon garin Agadas a 2013.

Kyautar da kake ji ta Aga Khan ce ta gine-gine, masallacin Yama ya same ta a 1986, ita daban UNESCO daban. Masallatan kasa na jihar Tawa suna jerin jiran tsammani wanda Nijar ta mika a 2006, tare da Birnin Damagaram da tsaunukan Jado da Tarmit da wurin rakuman dawa. Kasa ita ke hada takardu ta kai, a nuna iyakar wuri, a nuna wa ke kula da shi da yadda za a kare shi, sannan masana su zo su duba. Ba su ke bi gari-gari suna zabe ba.

Yar Agadas:
Ni dai ina son mutane su gane shiga jerin nan nauyi ne wallahi. Kowa hasumiyar masallacinmu ya sani, mita 27 da laka zalla, an gina ta wajen 1515 aka sake ta a 1844, amma abin da aka sa a jerin ya hada har da fadar Sarkin Ayar da unguwanni 11 da mutane ke zaune ciki har gobe. Itatuwan nan da kuke gani sun fiffito jikin hasumiyar a hoto, su ne magina ke takawa in za a yi yabe, don ginin kasa in ba a sake masa yabe ba damina daya biyu sai ka ga ya fara zubewa daga sama, indararo ya toshe ruwa ya kwanta a soro shi ke nan. Kuma cikin tsohon gari ba ka da ikon ka tashi ka rushe ka zuba siminti yadda kake so, to talaka da dakinsa ya tsage ya zai yi in ba a taimaka masa ba, ruwan 2024 ya ci gidaje da yawa a can kuma masu yawon bude ido da a da ake dan samun na cefane da su yanzu babu su. Makera masu yin azurfa su suka fi ji a jikinsu.

Baban Hadiza:
Gaskiyarki diyata. Ai daminar nan ta 2024 ce ta kada tsohon masallacin Damagaram, gini tun zamanin sarakunan da, muna kallo a bidiyo ya sulale, raina ya baci kwarai. Shi ya sa ni batun Yama ba na son mu zauna jiran Turawa. Mutanen garin ne suka gina abinsu tun 1962, magini Falke Barmu ya ja gaba, wanga ya kawo tubali wancan ya kawo itace, mata na dauko ruwa, daga baya aka kara hasumiyoyi hudu kuma ko wacce da kamarta, ba wadda ta yi irin 'yar uwarta. Abin tsoro shi ne masu wannan hannu suna karewa, samari duk sun koma bulo da kwano.

Dan Ader:
Na gode kwarai Mushe, na gode Baba. To gandun W fa, ana iya tahiya yanzu?

Mushe Lakol:
Kada ka tahi a halin da ake ciki, rashin tsaro ya yi yawa a wannan yankin. Da can daga Yamai wajen kilomita 150 ne zuwa Tapowa, mashigar gandun, ka ga giwaye da bauna har zaki in ka yi sa'a. In yara kake son nuna wa wani abu, kai su gidan tarihi na Bubu Hama, iccen Tenere, wanda ke tsaye shi kadai a tsakiyar hamada har mota ta buge shi a 1973, yana nan an ajiye shi, ga kasusuwan dinazor ma.

Yar Agadas:
Baba in akwai wanda ya san magina a Yama da har yanzu ke koyar da yara ya sanar da mu, akwai matasa a wajenmu da za su so su je su ga yadda suke daurin guga, wato rufin soro mai baka.