An ba ni maƙala kan finafinan 'yan gudun hijira masu son jinsi ɗaya: in rubuta ko in nemi a canja min?

Ɗaliba a Ingila:

Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma a yi min uzuri idan maganar ta yi wa wani nauyi.

Ina digiri na biyu a nazarin fim a nan Ingila. Wannan zangon muna da darasi kan finafinan hijira, da aka raba batutuwan maƙala sai nawa ya faɗo kan yadda ƙananan finafinan Turai, waɗanda ba manyan kamfanoni ke zuba musu kuɗi ba, suke nuna soyayyar maza biyu idan ɗayansu mai neman mafaka ne. Uku aka ba ni: A Moment in the Reeds na Finland, 2017, Futur Drei na Jamus, 2020, da Flee na Denmak, 2021.

Na Finland ɗin labarin Leevi ne, ɗalibi da ya dawo daga Paris ya taya mahaifinsa gyaran wani gida a bakin tafki, da Tareq, mai zanen gine-gine ɗan Siriya da aka ɗauko a matsayin lebura. Bai kwanta min ba. Akwai tsiraici da na riƙa tsallakewa, kuma na ji kamar an kawo Tareq ne don Bature ya gane kansa. Amma Flee ya sa ni kuka. Akwai inda Amin, ɗan Afganistan mai labarin, da mahaifiyarsa, bayan sun taso daga Rasha, suke cikin wani ruɓaɓɓen kwale-kwale a tekun Baltic, ruwa na shiga, sai ga katafaren jirgin 'yan yawon shaƙatawa ya tsaya a gefensu. Suna ɗaga hannu suna ihu don murna, mutanen sama kuwa hotonsu kawai suke ɗauka. Ƙarshenta tsare su aka yi a Istoniya, aka mayar da su Rasha.

Damuwata ita ce: ni Musulma ce, na san abin da addinina ya ce. Babana ne ya sayar da fili ya turo ni. Ina tsoron wata rana a ga sunana a jikin irin wannan rubutu a gida. A gefe guda kuma ina jin ina da abin faɗa a kan finafinan nan wanda 'yan ajinmu ba za su faɗa ba. Malamarmu ta ce wanda yake son canji ya yi magana kafin ƙarshen mako. Me kuke gani?

Malam na Zariya:

Wa alaikis salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tambaya. Hukuncin wannan aiki a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, kuma kallon tsiraici bai halatta don an kira shi karatu ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hore mu da barin abin da ke sa mu kokwanto zuwa wanda ba ya sa mu. Tunda ƙofar canji a buɗe take, ni dai canjin nake ba ki shawara. Tausayin da kika ji wa mutanen kwale-kwalen kuwa ba laifi ba ne, kada ki tuhumi zuciyarki a kansa.

Tafinta a Jamus:

Ƙanwata, ni ba ɗan fim ba ne. Aikina tafinta, tsakanin Hausa da Jamusanci, a wajen intabiyun masu neman mafaka. Mafi yawan waɗanda nake yi wa fassara ta Agadas da Libiya suka biyo, kuma galibinsu yaƙi ko talauci ne ya koro su. Amma jefi-jefi akan kawo wanda dalilinsa shi ne wannan da kike magana a kai.

Bari in gaya miki yadda ɗakin yake. Tebur ne, jami'i a gaban kwamfuta, kwalbar ruwa, mai neman mafaka, sai ni. Kowa yana zaton idan baƙo ya ji harshensa a bakin wani zai saki jiki. A irin wannan shari'ar akasin haka nake gani. Wani yaro da ba zan faɗi ƙasarsa ba, ina yi masa sallama da Hausa sai fuskarsa ta canja. Ya daɗe yana jujjuya murfin kwalbar nan a hannunsa, sannan ya tambaye ni ƙasa-ƙasa, ɗan wane gari ne ni. Sai da ya tabbatar garuruwanmu sun yi nisa kafin ya buɗe baki, kuma ko da ya fara, bango yake kallo. Ba Baturen yake tsoro ba, ni yake tsoro, don ni ne zan iya sanin wanda ya san kawunsa.

Shi ya sa a cikin ukun da kika lissafa, wurin da ya fi taɓa ni yana cikin Futur Drei ne. An kama Parvis, jarumin fim ɗin, da 'yar sata, aka yanke masa aikin al'umma a gidan 'yan gudun hijira, aka ce ya yi tafinta tunda iyayensa 'yan Iran ne. A Jamus ya tashi, Farisancinsa bai nuna ba, sai ga shi an zaunar da shi ya fassara maganar wata mata da zamanta a ƙasar ya rataya a kan abin da zai faɗa, shi kuwa bai gama gane karin harshenta ba. Wallahi wannan yana faruwa. Kalma ɗaya ta karkace a rahoto, bayan wata shida a ce labarinka ya saɓa wa juna.

Abin da finafinan ba sa nunawa sosai shi ne jira. Watanni, wani lokaci shekaru, a ɗaki ɗaya da mutum huɗu ko shida, wasunsu daga garin da ka gudo. A 2016 sai da aka buɗe wa irin waɗannan mutane gida na musamman a Berlin saboda duka da barazanar da suke sha a sansanoni. Soyayya a bakin tafki ba ita ce rayuwar yawancinsu ba.

Ni ma ina sallah, ina azumi. Abin da na riƙe shi ne amana aka ba ni in isar da maganar mutum yadda ya faɗe ta, ba a naɗa ni alƙalinsa ba. Ina ganin mai nazari ma haka ne. Ki rubuta.

Ɗan Kasuwa a Italiya:

A dai riƙa faɗin gaskiya. Mu da muke nan mun san akwai masu ƙirƙirar wannan labarin don su sami takarda, har da masu mata da 'ya'ya a gida. Su masu fim ba za su taɓa nuna wannan ba.

Lauya:

Ɗan uwa na Italiya, akwai masu ƙarya, ba wanda ya musa. Amma dubi abin da zargin ya jawo wa masu gaskiya. Wani ɗan Najeriya ya nemi mafaka a Hangari a 2015, hukuma ta tura shi wajen masanin halayyar ɗan Adam, aka sa shi ya zana mutum a cikin ruwan sama, aka nuna masa ɗigon tawada a takarda ya faɗi abin da ya gani, daga nan aka ce ba a gamsu da iƙirarinsa ba. Sai da maganar ta kai Kotun Tarayyar Turai, a watan Janairun 2018 ta ce ba za a dogara da irin wannan gwaji ba.

Ƙanwata, ga abin da zai ba maƙalarki ƙashin baya. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba ta ambaci wannan batu da suna ba, kotuna ne suka shigar da shi ƙarƙashin waɗanda ake tsangwama don suna cikin wani rukunin jama'a. A 2010 Kotun Ƙolin Birtaniya, a ƙarar wani ɗan Iran da wani ɗan Kamaru, ta ce ba za a mayar da mutum gida a ce ya je ya ɓoye kansa don ya tsira ba. Kotun Turai ta bi wannan hanya a 2013. A 2014 kuma ta hana tambayoyin ƙwaƙwaf kan abin da ke faruwa a shimfiɗa, ta hana karɓar bidiyo a matsayin hujja, ta kuma ce don mutum bai faɗa tun ranar farko ba, wannan kaɗai bai isa a ƙaryata shi ba.

Kuma Flee bai guje wa maganar ƙarya ba, a kanta ma aka gina shi. Sai dai ƙaryar Amin ba kan son maza ba ce. Mai safarar da ya fitar da shi daga Mosko ne ya ce idan ya sauka Denmak ya ce an kashe danginsa duka, alhali suna raye, wasunsu ma suna Suwidin. Da wannan ya sami zama, kuma ya shafe shekaru ba ya iya ambaton mahaifiyarsa a gaban abokai. Wani da suka taɓa soyayya da shi ya san sirrin, da suka ɓata sai ya yi barazanar kai shi ƙara.

Mai Tace Hoto:

Ni aikina haɗa fim ne, don haka ta nan zan shigo. 'Yar uwa, abin da kika ji game da na Finland ɗin shi ne maƙalarki, kada ki yar da shi. Ki tambayi kowane fim: da idon wa muke kallo? A can da Leevi aka buɗe, gidan ubansa ne, shi ne ma yake fassara tsakanin uban da Tareq. Sai dai ki yi masa adalci: wanda ya fito a Tareq, Boodi Kabbani, shi kansa daga Siriya ya zo Finland, kuma an bar 'yan wasan sun tsara yawancin hirar da bakinsu. Fim ɗin ya fito ne bayan 2015, shekarar da mutum sama da 32,000 suka nemi mafaka a ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan shida ba.

Futur Drei ya kauce wa wannan tarko. Parvis da Amon, ɗan gudun hijirar da suke soyayya da shi, duk jinin Iran ne, abin da ya raba su fasfo ne: ɗaya yana kwana gidan iyayensa, ɗaya yana jiran wasiƙar hukuma tare da 'yar uwarsa Banafshe. Daraktan, Faraz Shariat, iyayensa na gaske ya sa suka fito a iyayen Parvis, kuma fim ɗin ya ci kyautar Teddy, wadda ake ba finafinan masu son jinsi ɗaya, a bikin finafinan Berlin na 2020.

Flee kuwa muryar mai labarin ce da kansa, an yi shi da zanen katun ne don a ɓoye fuskarsa, Amin ɗin ma ba sunansa ba ne. Ki lura, duk inda tunawar ta yi masa zafi sai zanen ya koma dishi-dishi kamar da gawayi aka yi, fuskoki su ɓace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba banza ba ya shiga takarar Oscar a rukuni uku a 2022: fim ɗin gaskiya, na zane, da na ƙasashen waje.

Anti a Manchester:

'Yata, kan tsoronki na gida. Dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga ƙungiyoyi da nuna soyayyar a bainar jama'a. Nazarin fim ba ya cikin abin da ta lissafa. Bakin mutane ne abin ji, shi kuma maƙalar darasi tsakaninki da masu duba ta take tsayawa, ba a sa ta a intanet. Kundin ƙarshe ne ake ajiyewa a ɗakin karatu, shi ma ana iya neman a rufe shi. Sannan ba dole sai ɗayan biyun ba: ki roƙi a taƙaita miki. Flee babu tsiraici a cikinsa, sauran biyun ne ke da shi.

Ɗaliba a Ingila:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na ji maganarka, ba zan koma kan wuraren tsiraicin ba. Na rubuta wa malamarmu na roƙi in tsaya kan Flee, in ɗauko wurin tafintan nan na Futur Drei, in gina maƙalar kan wanda ke riƙe da labarin da kuma abin da ake buƙata kafin a yarda da shi. Yaya Tafinta, zan iya kawo abin da ka faɗa ba tare da sunanka ba?

Tafinta a Jamus:

Yadda ɗakin yake da maganar jira, ki ɗauka. Labarin yaron kuwa ki bar shi a nan, ko ba suna. Kuma ki fara tambayar malamar taku ko makaranta na buƙatar takardar izini kafin a sa hirar mutum a maƙala. Idan ta ce to, ki turo min tambayoyinki in amsa a rubuce.