Miƙa suna daga Python zuwa JavaScript a gwajin Selenium

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina gwada fom ɗin rajistar ɗalibai da Selenium (manhajar sarrafa burauza don gwada shafukan intanet) a Python, kuma ina cika gurbin suna ta hanyar execute_script, umarnin da ke sa burauza ta gudanar da JavaScript, inda nake liƙa sunan a tsakiyar rubutun JavaScript. Gwajin yana tafiya lafiya a kan Musa da Amina, amma da zarar ya kai kan Sa'adatu ko Isma'il sai ya tsaya da kuskure. Shin in riƙa cire alamar (') da ke cikin sunayen ne, ko akwai wata hanya?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka cire ta, domin irin waɗannan sunaye su ne ya fi kamata fom ɗin ya iya karɓa. Abin da ke faruwa shi ne, JavaScript yana ɗaukar alamar da ke cikin Sa'adatu a matsayin rufe zance, sai ya karanta ragowar sunan a matsayin umarni, kuma ta wannan ƙofar ce maharan shafukan intanet kan cusa nasu umarnin. Ka raba umarni da bayani, ka rubuta execute_script("arguments[0].value = arguments[1]", gurbi, suna). Selenium zai tura sunan daban a tsarin JSON na musayar bayanai, don haka babu harafin da zai lalata rubutun, har da ƙ da ɗ da ɓ.

Amsa ta biyu:
Maganar mai amsa ta farko daidai ce, sai dai a kula da lambobi. JavaScript ba ya riƙe cikakkiyar lambar da ta wuce 9007199254740991 daidai, saboda haka lambar katin banki mai tsawon lambobi 19 za ta isa burauza da canji a ƙarshenta ba tare da wani gargaɗi ba. A tura ta a matsayin rubutu, haka ma lambar waya, don kada sifilin farko ya ɓace.

Amsa ta uku:
Playwright, wata manhajar gwaji irin Selenium, shi ma yana karɓar bayani daban a page.evaluate. Inda ake shan wahala shi ne WebView na Android (ɓangaren da ke nuna shafin intanet a cikin manhajar waya), domin evaluateJavascript rubutu guda kawai yake karɓa. A can dole a bi da sunan ta JSONObject.quote kafin a liƙa shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na koma arguments, kuma Sa'adatu da Isma'il duk sun wuce.