Allurar rage ƙiba a asibitin gwamnati a Abuja: ta ina ake bi, wa zai biya?

Maman Sadiƙ, Kubwa

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga likitoci da masu harkar magani da ke wannan zaure. Mace ce 'yar shekara 41, nauyinta kilo 104, tsawonta mita 1.62. Tana da hawan jini, gwiwa kuma ta fara hana ta sallah a tsaye. Tana cikin inshorar lafiya ta gwamnati, NHIA, ta wajen aikin maigidanta. An ce a Ingila gwamnati ke bai wa mutane allurar rage ƙiba, su Ozempic da Mounjaro. To a nan Abuja fa, ana samunta a asibitin gwamnati? Ta ina za ta fara? Inshorar tana biya? Akwai kuma masu tallarta a WhatsApp da sauƙin kuɗi, ko za a iya saya a wurinsu?

Dakta Bello

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da asibitin gwamnati zai ba ta shi ne likita, da gwaje-gwaje, da takardar magani, da bibiya. Ita kanta allurar, ta ɗauka daga aljihunta za ta fito. Gara a san wannan tun daga bakin ƙofa.

Mu fara da lissafi. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo: 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, a raba 104 da shi, a samu kusan 39.6. Wannan shi ne BMI ɗinta, wato ma'aunin ƙiba. Ƙa'idar waɗannan allurai ita ce 30 zuwa sama, ko 27 in akwai wata cuta da ƙiba ke jawowa, kamar hawan jini ko ciwon suga. Ke nan ta cika sharaɗi har da ragi. Ta kuma sa tef ɗin tela ta auna ƙugunta daidai saitin cibiya. Mace in ta haura santimita 88, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mai ɓarnar.

Hanya kuwa: ta fara zuwa asibitin da sunanta yake a inshora, ta ga likitan GOPD, wato sashen da ake fara ganin marasa lafiya, ta ce masa a fili ƙiba ta kawo ta. Da yawa sukan ce gwiwa ko baya, sai a rubuta musu maganin ciwo su tafi, ba wanda ya taɓa maganar nauyi. Daga nan a tura ta asibitin ƙwararru masu kula da ciwon suga da sinadaran jiki. Akwai su a Babban Asibitin Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Ta tafi da sammako, da duk magungunan da take sha a leda, har da na gargajiya da man shafawa.

Me ya sa har da man shafawa? Domin kafin a yi maganar allura sai an nemi abin da ke ƙara ƙibar. Dexamethasone da prednisolone, waɗanda ake sha don ciwon gaɓoɓi ko a haɗin nan na “sha ka fashe”, suna kumbura fuska da ciki, suna ɗaga suga da jini. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da irin wannan sinadari, fata tana tsotsa. In wannan ne, allura ba za ta yi komai ba sai an warware shi, kuma ba a yanke shi dare ɗaya, likita ne ke rage shi a hankali.

Gwajin da za a nema: sugan safe kafin a ci komai, HbA1c, aikin ƙoda da hanta, kitsen jini, aikin ƙullin wuya na tayirod, da gwajin juna biyu. HbA1c shi ne matsakaicin suga na kusan wata uku. In ya kai 6.5, ciwon suga ne, tsakanin 5.7 da 6.4, tana bakin gaɓa. Wannan sakamakon shi ke raba hanya, domin Ozempic an yi masa rajista ne don ciwon suga nau'i na biyu. Wegovy shi ne na ƙiba, ko da yake sinadarinsu ɗaya, semaglutide. Mounjaro kuwa tirzepatide ne, na wani kamfanin daban.

Ba a ba wa mai ciki ko mai shayarwa, ba a ba wanda shi ko wani a gidansu ya taɓa yin wani nau'in sankarar tayirod da ake kira medullary. Wanda ya taɓa kumburin fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, ko yake da duwatsu a matsarmama, sai an yi dogon nazari. Mai ciwon suga kuma a duba masa bayan ido tukuna.

Abu Hanif, Area 11

Hajiya, bari in ɗora a kan maganar Likita ta ɓangaren inshora.

Tsarin NHIA, wanda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, jerin magunguna gare shi. Abin da ke cikin jerin, ma'aikaci da iyalinsa suna biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗinsa. Magungunan suga su metformin, glibenclamide, insulin, da magungunan hawan jini suna ciki. Allurar rage ƙiba ba ta cikin abin da ake biya, don haka kada ta ɓata kwanaki tana faɗa da ma'aikacin tebur, ba shi ya rubuta jerin ba.

Inda inshora za ta rage mata nauyi shi ne ganin ƙwararre da gwaje-gwaje. Amma sai an bi ƙa'ida: asibitinta na farko ya rubuta takardar turawa, ya nemi lambar amincewa daga kamfanin HMO ɗinta, wato mai kula da inshorarta, sannan ta tafi. Wanda ya tashi kansa tsaye ya je babban asibiti ba lamba, a matsayin mai biyan kuɗi za a karɓe shi. Kuma lambar ta abin da aka nema ce kawai. In ƙwararre ya ƙara wani gwaji, a sake neman wata kafin a ɗebi jini, ba bayan an ɗiba ba. Ta riƙe hoton takardar da lambar a wayarta. Ta kuma roƙi likita ya rubuta hawan jinin da ciwon gwiwar a takardar tare da ƙibar, tunda gaskiya ne tana da su.

Batun Ingila kuwa, gani daga nesa ne. Tun watan Yunin 2025 likitocin unguwa a can suka fara rubuta Mounjaro a tsarin lafiya na gwamnati, NHS, amma zangon farko na masu BMI 40 zuwa sama ne, waɗanda kuma suke da huɗu daga cikin cututtuka biyar: ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya da jijiyoyin jini, kitse a jini, da ɗaukewar numfashi cikin barci. Wannan baiwar Allah da 39.6 da hawan jini kaɗai, ko a Landan take, layi za ta bi. A Satumban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin waɗannan allurai cikin jerin muhimman magunguna, amma don masu ciwon suga da ke da ƙiba tare da ciwon zuciya ko na ƙoda. Shiga jerin Hukumar kuma daban, kuɗin sayensa a kasafin Najeriya daban.

Mai Magani, Wuse 2

Na WhatsApp dai, Hajiya, a'a. A Oktoban 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun Ozempic, abin da aka gano shi ne insulin ne a ciki, suga ya faɗi musu warwas. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka. In ya kutsa waɗannan ƙasashe, ina ga kasuwar da ake turo kaya a mashin?

A saya a kantin magani mai rajista da hukumar masu haɗa magani, PCN, wanda yake da mai haɗa magani a tsaye, da takardar likita a hannu. A duba lambar NAFDAC. A gwada lambar rukuni da ranar lalacewa da ke jikin kwali da waɗanda ke jikin biron, wato abin yin allurar mai kama da biro, dole su zama ɗaya. Ruwan ciki garau yake kamar ruwan sha. In ya yi gajimare ko akwai ɓurɓushi, a mayar. Masu cewa “zo a yi miki ta mako-mako”, su zuƙo wani ruwa daga kwalba marar suna, ko su raba biro ɗaya wa mutum uku, a guje su. Ko an sauya tsinin allura, biro na mutum ɗaya ne.

Sai sanyi, kuma nan ne Abuja ke cin mutane. Wanda ba a buɗe ba yana zama tsakanin digiri 2 da 8. A tsakiyar firji, ba jikin bangon baya ba, ba firiza ba. Wanda ya daskare ya tashi aiki, ko ya narke. Biron Ozempic da aka fara amfani da shi yana jure mako shida a ƙasa da digiri 30. To a watan Maris ɗaki a Kubwa yana wuce 30 da rana ba wahala, balle cikin mota. In an ɗauke wuta, kada a yi ta buɗe firjin. In abin ya daɗe, a sa shi a ƙaramar kula da ƙanƙara, a naɗe ƙanƙarar da tawul kada ta taɓa biron. Haka za a ɗauko shi daga kanti. Kuma ba laifi ba ne a tambayi mai kanti da me firjinsa ke aiki in ba wuta.

Yadda ake hawa: semaglutide ana farawa da miligiram 0.25 sau ɗaya a mako, tsawon mako huɗu, sai 0.5. Wegovy yana ci gaba zuwa 1, da 1.7, da 2.4, kowane mataki mako huɗu. Mounjaro daga 2.5 ne, sai 5, ana ƙara 2.5 in akwai buƙata har zuwa 15. Matakin farko don ciki ya saba ne. Masu gaggawa su ce ba su ga komai ba, su ninka, su ne ke kwana amai har a kai ga ƙarin ruwa, ƙoda ta sha wuya.

Ƙarƙashin fata ake yi, a ciki ko cinya ko bayan dantse. In a ciki ne, a bar tazarar yatsu uku daga cibiya, a riƙa sauya wuri. Sabon tsini kowane lokaci. Da biron Ozempic, bayan lambar da ke jikin biron ta koma sifili a ƙirga shida a hankali kafin a zare, in ba haka ba sai a ga ɗigon magani a fata, kuɗi ya zube. In an manta rana, Ozempic ana iya yi cikin kwana biyar, Mounjaro cikin kwana huɗu. In ya wuce a jira ranar da aka saba.

Kuɗi kuwa, biro ɗaya yawanci na mako huɗu ne, kuma farashinsa ya fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024, yana kuma bin dala. A tambayi farashin matakin da za a zauna a kai, ba na farko ba, a ninka sau 13, shi ne na shekara.

Maman Sadiƙ, Kubwa

Allah ya saka da alheri. Likita, in ta yi wata uku ta rage kilo goma, za ta iya tsayawa? Ga azumi kuma, sannan ba ta yanke haihuwa ba.

Dakta Bello

Za ta iya tsayawa, amma yunwar za ta dawo yadda take. Maganin yana kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan cin abinci: ya rage saurin fitar abinci daga tumbi, ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Da an daina, saƙon ya ɗauke. A babban gwajin da aka yi wa semaglutide 2.4, an rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi a mako 68. Ga mai kilo 104, wajen kilo 15 ke nan, a shekara ɗaya da wata huɗu, ba wata uku ba. Da aka bi waɗanda suka daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo. Shi ya sa lissafin Mai Magani ya fi komai muhimmanci. In kuɗin wata uku kawai ke hannu, ni da an kashe su a gwaji da ganin mai ba da shawarar abinci da gyara maganin hawan jinin. In kuma an yi wata shida ba a rage kashi 5 cikin ɗari ba, wato kilo biyar da ɗoriya a wajenta, a zauna da likita a sake shawara.

Haihuwa: semaglutide a daina shi wata biyu kafin neman ciki, Mounjaro wata ɗaya. A kula, rage nauyi kan dawo da haihuwa ga wadda al'adarta ta daɗe a rikice. Mounjaro kuma yana iya raunana ƙwayar tsarin iyali ta sha, don haka a ƙara da wata hanya na mako huɗu bayan farawa, da bayan kowane ƙarin mataki.

Azumi: kada ta fara, kada kuma ta ƙara mataki gab da Ramadan. Ta riga ta zauna a mataki ɗaya makonni kafin a ga wata. Ruwa da yawa tsakanin buɗa-baki da sahur, domin maganin yana rage ƙishirwar ci da sha gaba ɗaya. Hukuncin allurar da rana a tambayi malamai, amma tunda sau ɗaya ce a mako, a yi ta da dare a huta. Mai shan glibenclamide ko insulin sai an rage masa su, in ba haka ba suga zai faɗi.

Tashin zuciya, gyatsa, ƙwannafi da taurin bayan gida, an saba da su a makonnin farko. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya, ko amai da ya hana ruwa zama, wannan a daina allura a tafi sashen gaggawa. In za a yi mata tiyata ko za a sa mata maganin barci, ta faɗa tun da wuri, domin abinci kan daɗe a tumbi.

Anti Ladi, Gwarimpa

Ni gyara ɗaya zan yi, 'yar'uwa: an yi ta maganar biro, an bar kwano. Mai wannan allura loma kaɗan ke shiga cikinta, to in lomar ta zama masa da shayi mai madara da sukari, tsoka ce za ta zube tare da kitse, gwiwar da ake son ceto ta ƙara rauni. Ta fara cin mai gina jiki kafin tuwo: ƙwai, wake, kifi, awara, nono marar sukari, sai ganye irin zogale da rama da miyar kuka ba mai da yawa. Malmala ɗaya ƙarama ta isa. Soyayye da kitse su ne ke tayar da zuciya, musamman kwana biyun farko bayan allura, kuma kada a ci a kwanta.

Lemon roba na santilita 50 yana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 13, kuma abin sha yana wucewa ko ciki a cike yake. Kunun aya da zoɓo na sayarwa ma a tambayi yadda aka zuba musu. Tafiya minti 30 sau biyar a mako. In gwiwa ta ƙi, a raba goma-goma bayan kowane abinci. Ta riƙa tashi-zauna daga kujera sau goma, zagaye biyu, safe da yamma. Awon nauyi sau ɗaya a mako ya wadatar, da safe, a sikeli ɗaya, ta rubuta a littafi tare da awon jininta ta kai wa likita, domin in nauyi ya sauka sau da yawa maganin hawan jinin ma sai an rage shi, in ba haka ba jiri zai riƙa ɗibarta in ta miƙe.