Kano zuwa Njamena: ta sama ko ta ƙasa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san hanyar Njamena ya taimaka min, kaina ya kulle. Bikin ƙanwata ya matso a can, kuma da Hajiyarmu zan tafi, ga ciwon gwiwa, ba ta iya dogon zama a mota.

Na duba taswira, tsakanin Kano da Njamena a miƙe bai wuce kilomita 700 da 'yan kai ba. Amma tikitin jirgin da na samu sai an kai mu Adis Ababa tukuna a dawo da mu, kuɗin kuwa ba a magana. Wai Chadi da ke nan kusa!

Ta ƙasa na san a bi Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu har Maiduguri, kusan kilomita 600. Daga nan ne ban gane ba. Ana ce min Dikwa, Gamboru Ngala, a tsallaka Fotokol a Kamaru, sai Kusiri, a haye gada a shiga Njamena. Kwana nawa ake yi? Ana kwana a Maiduguri ne? Hanyar Dikwa tana biyuwa yanzu? Kuma wace takarda ake nema a iyakar Kamaru?

Wanda ya bi ta kwanan nan nake so ya amsa. Na gode.