Ƙuma ta dawo jikin kare bayan wanka

Mai Gadi: Jama'a, kare mai kilo 20 yana ta susa har gashin gindin wutsiya ya zube. An wanke shi da sabulun kashe ƙwari, bayan sati ƙumar ta dawo. Mene ne mafita?

Ɗan Birni: Malam, wanka kawai ba ya isa. Ƙumar da kake gani a jikinsa ita ce kaɗan. Ƙwai da tsutsotsinta suna cikin shimfiɗarsa da ƙasar da yake kwanciya. Macen ƙuma na iya saka ƙwai kusan 50 a rana. Nemi maganin ɗigawa mai fipronil daidai nauyinsa. Buɗe gashin tsakanin kafaɗu, ka ɗiga kan fata, ba kan gashi ba. Kada a yi masa wanka kwana 2 kafin da bayan haka. Maimaita duk wata, wata 3 a jere, don waɗanda ke cikin kwanso suna ƙyanƙyashewa daga baya. Tsummansa kuma a wanke da ruwan zafi duk sati.

Hajiyar Kaji: Don Allah kada a shafa masa kananzir, baƙin mai ko fiya-fiya, suna ƙona fata, idan ya lasa kuma guba ne. Idan akwai kyanwa a gidan, a guji maganin ƙwari mai permethrin, yana iya kashe ta.

Ɗan Birni: Na manta: duba kashinsa. In ka ga abu fari kamar ƙwayar shinkafa, tsutsar ciki ce da ƙuma ke yaɗawa, likitan dabbobi zai ba shi maganin tsutsa mai suna praziquantel.