Farfesoshi sun ƙi amsa imel ɗina, lokaci na tafiya

Salam 'yan uwa, don Allah wanda ya taɓa samun gurbin binciken bayan digirin digirgir a waje ya taimaka min, kaina ya kulle wallahi.

Ina Jos ne, injiniyancin muhalli na karanta, aikina kan tace ruwan tsofaffin ramukan kuza ne na wajen Bukuru, ruwan da mutane ke ban lambu da shi har yara na wanka a ciki. Tallafin Georg Forster na gidauniyar Humboldt ta Jamus nake nema, wanda ake ba 'yan ƙasashe masu tasowa daga wata 6 zuwa 24. Sharaɗin shi ne kada ka wuce shekara 4 da gama digirin, ni kuma na ci 3 da wata biyar, kuma dole sai wani farfesa a can ya yarda zai karɓe ka ya rubuto takarda, to nan ne gizo ke saƙa.

Imel 14 na tura tun bayan sallah, kowanne da tsarin binciken da takarduna biyu da aka wallafa, mutum ɗaya ne kawai ya amsa, shi ma cewa ya yi ɗakin gwajinsa ya cika. Kullum da asuba cikin sanyin nan nake duba waya, shiru.

Wasiƙar ce ta yi tsawo ko kuwa sai tsohon malamina ya gabatar da ni tukuna? Kuma in an yi shiru, bayan sati nawa ake sake tuntuɓa ba tare da an takura wa mutum ba?