Wai rashin iyaka ma yana da babba da ƙarami?

Injiniya: Malam, jiya ka ce akwai rashin iyakar da ya fi wani girma. Ni fa ban yarda ba. Abin da ba ya ƙarewa ba ya ƙarewa, shi ke nan. A kalkulas, reshen lissafin nan da muka karanta, alamar nan mai kama da 8 a kwance guda ɗaya ce tal.

Malamin lissafi: Ranka ya daɗe, a kalkulas wannan alamar ba lamba ba ce. Tana nufin abu yana ta ƙaruwa, duk iyakar da ka shata masa sai ya haure ta. Ni kuwa maganar adadi nake yi. Amsa mini wannan tukuna: lambobin ƙirga, 1, 2, 3, da lambobin cika, 2, 4, 6, wanne ya fi yawa?

Injiniya: Na ƙirga mana. Cika rabinsu ne.

Ustaz: To ka faɗa ramin da Imam Gazali ya haƙa wa masana falsafa. A Tahafutul Falasifa ya ce rana tana kammala zagayenta a shekara 1, tauraron Zuhal kuma sai shekara 30. In duniya ba ta da farko, zagayen kowannensu ba shi da iyaka, alhali na rana ya ninka na Zuhal sau 30. Ya ce hankali bai ɗaukar wannan. Ni ina bayansa.

Malamin lissafi: Allah gafarta Malam, dubi zauren biki. Kowane baƙo ya sami kujera, babu kujerar da ta rage, babu wanda ke tsaye. Ko ba ka ƙirga ba ka san adadinsu ɗaya. To ba 1 kujera ta 2, ba 2 ta 4, ba 3 ta 6, haka har abada. Wa aka bari a tsaye? Galileo ya ga irin wannan a 1638, ya ja da baya, ya ce babu batun "ya fi" ko "daidai" a nan. Georg Cantor na Jamus ne ya ƙi ja da baya.

Injiniya: Ai ka ba ni gaskiya ke nan! Duk ɗaya ne.

Ɗalibar jami'a: Yaya, dakata. A 1891 Cantor ya nuna inda kujerun suke ƙarewa. Ka ce ka jera duk lambobi masu ɗigo da ke tsakanin 0 da 1. Ta farko 0.5132..., ta biyu 0.2871..., ta uku 0.9046... Sai in ɗauki abin da ke gurbin farko bayan ɗigo na ta farko, na biyu na ta biyu, na uku na ta uku: 5, 8, 4. Inda na ga 5 in rubuta 4, inda ba 5 ba in rubuta 5. Na sami 0.455... Wannan ta saɓa wa ta farko a gurbi na farko, ta saɓa wa ta biyu a gurbi na biyu, ta saɓa wa ta miliyan a gurbi na miliyan. Ba ta cikin jerinka.

Injiniya: Sai in ƙara ta a sama.

Ɗalibar jami'a: Ƙara ta, in sake ƙera wata. Duk jerin da ka kawo haka zan yi masa. Ke nan lambobi masu ɗigo sun fi lambobin ƙirga yawa.

Ustaz: 'Yata, wannan wayo ne a kan takarda. Wa ya taɓa gama rubuta jerin?

Malamin lissafi: Wannan ƙorafin yana da magoya baya, ba zan raina shi ba. Aristotal ya yarda da abin da ake ta ƙarawa, bai yarda da rashin iyakar da ya kammala ba, kuma Kronecker, malamin Cantor a Berlin, ya yaƙi aikin nasa. Amma kusan duk masana lissafin yau hanyar Cantor suka bi. Batun "rabi" ma bai faɗi ba: a nazarin lambobi, in ka duba daga 1 zuwa 1,000 ko zuwa miliyan, cika rabi ne. Wannan awon cunkoso ne, wancan awon adadi.

Injiniya: To tsakanin ƙaramin da babban akwai matsakaici?

Malamin lissafi: Nan Cantor ya maƙale har ya rasu a 1918. Masanin lissafi Gödel a 1940 ya nuna ƙa'idojin lissafi da aka saba ba za su iya tabbatar da akwai ba, Paul Cohen a 1963 ya nuna ba za su iya tabbatar da babu ba.

Ustaz: Ka ji ko? Su ma ba su daidaita ba.

Ɗalibar jami'a: A kan matsakaicin ne, Malam. A kan cewa ɗaya ya fi ɗaya kuwa, har yanzu ina jiran Yaya ya nuna mini layin da 0.455... take a jerinsa.